Kiɗan Rufin Jirgi

Shafi na 17

Masu cewa na ja musu rai a kan Ɗan Kallo, to yau ku gyara zama. Masu turo min saƙo suna rantsuwa wai Lauya ne ya ɓuya da wata lamba, ku tanadi haƙurin da za ku ba bawan Allah. Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke: Guguwa ce shugabar zauren yanar gizo na masu buga Gamayya, gem ɗin faɗan nan da aka kwaso jarumai daga wasanni daban-daban aka zuba su a fili ɗaya. Sabon Gamayya ya fito, zaure ya rabu biyu, wani kuma da ba a san fuskarsa ba, mai kiran kansa Ɗan Kallo, ya hana ta sakat.

*

Guguwa ba ta ko biya gida ta cire kayan aiki ba. Daga asibiti ta wuce shagon aski kai tsaye, da farar rigarta ta jinya da jakarta a kafaɗa.

Tun daga bakin titi take jiyo muryar Lauya. Shi dai malamin makaranta ne, gardama ce ta ja masa sunan tun suna yara.

"Ni fa kiɗan ne ya fi ƙona min rai!" yake faɗa, yana zaune a kujerar aski, rabin kansa a aske, rabi da gashi. "Ka tuna kiɗan filin Rufin Jirgi a tsohon Gamayya? Sarewar nan da take farawa can ƙasa-ƙasa, sai ganga ta biyo ta kamar tafiyar jirgin ƙasa? Yanzu me suka sa mana? Kamar an ture kwandon kwanuka daga saman bene!"

"Ka daina motsi," in ji Mai Aski, "ko in raba ka da kunne."

"Sannan suka cire ramin dutsen. Da in jirgi zai shiga rami, ko ka durƙusa ko dutse ya kwashe ka. Yanzu filin a shimfiɗe yake kamar teburin guga."

"Gara da suka cire. Sau nawa ramin nan ya cinye ni ina gab da cin wasa?"

"Ai daɗin kenan! Kai duk abin da zai sa zuciya ta buga ba ka so."

"Zuciyata ta bugu ta ƙoshi. Sunkuyar da kai."

Guguwa ta yi sallama ta ajiye jakarta a kan benci.

"Ɗan Kallo ya zo?"

Injin askin ya yi shiru. Mai Aski ya shiga kakkaɓe shi da burushi, kakkaɓewar da ba ta da dalili.

"Sannu da aiki, ƙanwata. Ki zauna ki sha ruwa tukuna."

"Ba ruwa ya kawo ni ba. Ya zo ko bai zo ba?"

"Yana ciki."

Lauya ya juyo da sauri har ƙyallen wuyansa ya zame. "Yana ciki? Tun yaushe? Ina zaune a nan ina ta zuba ba ka gaya min ba?"

"Ta ƙofar baya ya shigo. Ya ce da ita zai fara magana."

Guguwa ta yi murmushin da ba na daɗi ba. Makonni kenan suna kai ruwa rana da mutumin nan a zaure. Ba kiɗa ko fili ne ainihin rigimar ba. Sabon Gamayya ya zo da wani tsari da suke kira sauƙin hannu. In ka kunna shi, maɓalli ɗaya za ka danna jaruminka ya zuba jerin dukan da a da sai ka yi wata da watanni kana koyo, yatsunka har su yi kanta. Guguwa ta ce ba za a yi gasar zaure ta bana da wannan tsarin ba. Ɗan Kallo ya ce a bar wa kowa zaɓinsa. Aka kaɗa ƙuri'a aka yi kunnen doki, saura tata. Shi ne ya roƙe ta ta saurare shi ido da ido kafin ta jefa.

"Yau zan ga ragon da yake son cin gasa da yatsa ɗaya," ta ce.

"Guguwa." Mai Aski ya kira ta da wata irin murya. "Ki bi a hankali."

Ba ta tsaya ba. Ta ɗaga labulen ɗakin baya.

Ɗakin yana nan yadda ta san shi. Doguwar kujerar da soso ya leƙo ta gefe, fankar da take kaɗa kai kamar mai ƙin magana, tsofaffin hotunan jaruman Gamayya a bango duk sun koɗe. Tibi a kunne, an tsaida wasa a filin Rufin Jirgi, amma an kashe sautin gaba ɗaya.

Wani mutum ne zaune ya ba ta baya. Rimot ɗin wasa yana kan gwiwarsa maimakon a hannunsa.

Yana yin fito da baki, a hankali.

Kiɗan tsohon Rufin Jirgi ne. Har ɗan wurin nan da sarewar take yi kamar za ta tsaya sannan ta ɗaga. Mutum ɗaya ta sani a duniya da yake ƙara wani ɗan lanƙwasa a daidai wurin, wanda babu shi a asalin kiɗan.

Ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Yaya?"

Fiton ya tsaya. Ya juyo.

Yayanta ne, wanda suke ciki ɗaya. Wanda ya ɗora mata rimot a hannu tun ba ta iya riƙe shi da kyau ba. Wanda ya raɗa mata Guguwa saboda yadda take danna maɓallai ba kai ba gindi. Kafinta ne, kuma tun ranar da injin yankan katako ya ɗauke masa babban yatsan dama da wanda yake binsa, bai ƙara taɓa gem ba. Haka dai kowa ya sani.

"Shigo mana, shugaba," ya ce. "Ko sai an yi miki iso?"

"Me kake yi a nan?"

"Ke nake jira."

"A'a. Ni wani nake nema. Wani..." Ta kalli tibin. A ƙasan hoton jarumin, inda ake rubuta sunan mai wasa, an rubuta ƊAN KALLO.

Ta dafa bango.

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Duk makonnin nan?"

"Duk."

Labulen ya motsa. Lauya ya leƙo da rabin askinsa, ya ga wanda yake zaune, bakinsa ya buɗe ya kasa rufuwa.

"Babban yaya? Kai ne kake ta kayar da ni a gardama? Wallahi na ce waɗannan hujjojin ba na yaron zamani ba ne!"

Mai Aski ya jawo shi ta baya. "Zo in ƙarasa maka, kai kamar gonar da aka nome rabi."

"Ka bar shi ya shigo," in ji Yaya. "Kai ma shigo. Ai a gaban kowa aka faɗa min magana, gara a ƙarasa a gaban mutane."

Guguwa ta san maganar da yake nufi. Shekaranjiya, da gardama ta yi zafi, ta rubuta wa Ɗan Kallo a tsakiyar zaure: wanda ba shi da yatsun wasa ya koma gefe ya yi kallo, kamar yadda sunansa ya ce. Mutane suka yi ta tura hoton dariya.

Idonta ya sauka a kan hannunsa na dama. Ya lura, bai ɓoye shi ba. Ya ma ɗora shi a kan gwiwa sosai.

"Yaya, ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba."

"Da na san kai ne, wallahi da ban..."

"Da ba ki faɗa ba. Shi ya sa ban gaya miki ba." Ya matsa gefe ya nuna mata wuri a kujerar. "In da wani ne mai irin hannuna, ba yayanki ba, daidai ne kenan?"

Ta zauna a bakin kujerar.

"Kai ka ce ka girma," ta ce. "Kai ka sa tsohon gem ɗinmu a kwali, ka naɗe wayoyin, ka kawo min har ɗaki. Ka ce wasan yara ne, kai yanzu mai iyali ne. Na roƙe ka ko zama ka riƙa yi kana kallona, ka ce ba ka da lokacin shirme."

"Na faɗa."

"Na yi kuka ranar."

"Ni ma na yi. A bayan shagon katako, inda ba mai ganina." Ya ɗan yi dariya. "Me kike so in ce miki lokacin? In ce na gwada cikin sirri, na kasa ko tsalle? Ni da unguwa guda take taruwa a tagar ɗakinmu don a ga wasana? Gara a ce na girma."

Mai Aski ya jingina da ƙofa. "Tagar nan kam ta sha kawuna. Har gilashin muka fasa."

"Ku kuka fasa, ni aka daka," in ji Yaya.

"Tibin nan fa?" Lauya ya zauna a hannun kujera, ya manta da askinsa. "Mai ƙaton ƙeya. In hoto ya fara rawa sai an mare ta a gefen hagu."

"Dama," Guguwa ta gyara masa ba tare da ta ɗago ba. "Hagu na sauti ne."

"Rimot ɗaya mai kyau, ɗaya an ɗaure shi da roba," in ji Yaya. "Kullum ni ne da mai kyau."

"Ka ce wai mai robar ya fi dacewa da ƙananan hannu."

"Kika yarda."

"Ina da zaɓi ne?"

Suka yi dariya su duka, dariyar da ta zo ba shiri. Guguwa ta goge ido da bayan hannu.

"Har Mama ta haddace kiɗan," ta ce. "Tana guga tana yinsa. In ka ce mata na gem ne sai ta ce ƙarya kake, ita a rediyo ta ji."

"Baba kuwa in ya dawo ya same mu, ba ya magana. Soket kawai zai nufa."

"Ana tsakiyar zagayen ƙarshe!"

"Allah ya jiƙansa, ya san daidai lokacin da ya fi ciwo."

Suka amsa da amin.

Guguwa ta dubi tibin da aka kashe wa sauti. "To kai da kake kare sabon nan a zaure, me ya sa ka kashe kiɗan?"

"Wa ya ce miki kiɗan nake karewa? Je ki duba duk abin da na rubuta. Ko sau ɗaya ban yabi kiɗan ba. Wannan hayaniyar ko a gidan biki aka sa min ita tashi zan yi. Kashewa nake, in yi nawa da baki."

"Ka ji ko!" Lauya ya buga cinya yana kallon Mai Aski. "Ramin dutsen fa, babban yaya?"

"Cire shi zalunci ne. Filin da ba zai iya kashe ka ba ai ba fili ba ne, tabarma ce. Da Gadar Ruwan Sama da suka busar da ita, suka kunna mata fitilu kamar shagon sayar da waya. Da ruwan yana sauka har santsi kake ji a hannunka."

"To me ya rage kake karewa?" in ji Guguwa.

"Abu biyu. Na farko, sun gyara ƙarfin jarumai. Wannan ko kin ƙi ko kin so, gaskiya ne."

"Sun lalata Maƙeri! Gudumarsa da take cin rabin jini, yanzu kamar da matashin kai yake duka."

"Sun mai da shi daidai da kowa."

"Jaruminka ne fa! Da shi ka yi suna!"

Yaya ya sosa ƙeya. Ya kalli Mai Aski, ya kalli Lauya, sannan ya kalli silin.

"To, tunda yau ranar tonon asiri ce. Tsohon Maƙeri ba a yi masa adalci ba, an yi masa son kai. In ya matse ki a lungu ya fara gudumar ƙasa, babu jarumin da yake iya fita. Babu. Ko wanda ya ƙirƙiri gem ɗin aka ba rimot ba zai fita ba. Na gano haka tun muna yara, na yi shiru."

Guguwa ta juyo gaba ɗaya.

"Me ka ce?"

"Kin ji ni."

"Ka ce min rashin haƙuri ne yake sa ake cinye ni! Ka ce in na nutsu zan ga ƙofar fita! Shekara da shekaru ina neman ƙofar nan da jarumata Mai Laima!"

"Babu ƙofa."

"Yaya!"

Lauya ya miƙe tsaye yana nuna shi da yatsa, rabin kansa na sheƙi. "Na faɗa! Tun muna 'yan makaranta na faɗa, kuka ce hassada ce! A dawo min da mutuncina!"

"Amma ki duba abin da ya haifar," in ji Yaya yana kare kansa da hannu daga matashin kujerar da ta ɗauka. "Garin neman ƙofar da babu kika zama abin da kika zama. Wa yake iya matse ki a lungu yau?"

Ta ajiye matashin a hankali. Tana so ta yi fushi, dariya na cin ta, hawaye kuma bai gama tsayawa ba.

"Na biyun fa?" ta ce.

Fuskarsa ta canza. Ya ɗauki rimot ɗin ya gyara masa zama a kan gwiwa. Hagunsa ya kama sandar tafiya, yatsan tsakiya na damansa ya sauka a kan maɓalli.

"Na biyun shi ne wannan."

Ya danna. A tibi Maƙeri ya zabura, ya kai duka sama, ya kai ƙasa, ya juya ya sauke guduma. Jerin dukan da Yaya ya yi suna da shi, wanda yara suke kwaikwayo a filin makaranta da sandar tsintsiya.

"Ranar da sabon ya fito na zo aski," ya ce, idonsa a tibi. "Na ji yaran ciki suna zagin sauƙin hannu. Da suka watse na ce wa wannan ya ba ni in gani. Na danna sau ɗaya, Maƙeri ya yi abin nan. Sai da Mai Aski ya fita ya ba ni wuri."

"Na ce zan sayo reza," in ji Mai Aski. "Reza tana nan cike da durowa."

"Kuma kada ki ɗauka kyauta ne. Wanda ya kunna sauƙin hannu, dukansa ba ya cin jini kamar na mai cikakken hannu. Jerin duka uku kawai gare shi, ke kina da fiye da goma. Duk wanda ya san wasa zai karance ni a zagaye ɗaya. Na rubuta wannan a zaure, ba wanda ya tsaya ya karanta. Kowa yana ta ihun an ɓata gem, an ɓata gem."

"An ɓata wasu abubuwan," ta ce a hankali.

"An ɓata. Ni ma ina kewar na da, ƙanwata. Na fi ki kewarsa, don ke kina iya jawo kwali ki kunna shi yau. Ni ko an kunna min, kallo ne nawa. Wannan mai mummunan kiɗan shi ne ya buɗe min ƙofa. Shi kuma kike so ki rufe."

Guguwa ta ciro wayarta daga aljihun riga. Ta buɗe zaure.

"Yanzu zan jefa. A bar sauƙin hannu. Kuma zan ba da haƙuri a gaban kowa."

Ya ɗora hannunsa a kan wayar ya rufe fuskarta.

"A'a."

"Kamar ya a'a?"

"Ba tausayi na zo nema ba. In kin jefa yanzu, don ni yayanki ne kika jefa. Gobe wani ya tambaye ki dalili, me za ki ce? Ki zauna ki buga da ni. Ki ga tsarin da idonki, a hannun wanda ya san wasa. In kin ga cuta ne, ki hana, ba zan riƙe ki ba. In kin ga wasa ne, ki bari."

Mai Aski ya riga ya miƙo mata ɗaya rimot ɗin.

"Wannan ba roba a jikinsa," ya ce.

Ta karɓa. Ta cire agogon hannunta ta ajiye a gefe, yadda take yi in wasa na gaske ne. Ta zaɓi Mai Laima, tsohuwar nan mai ɗan ƙusumbi da aka ɗauko daga wani gem na wasa ƙwaƙwalwa, wadda kowa yake rainawa sai ta buɗe laimar.

"Wane fili?" ta tambaya.

"Kina tambaya?"

Rufin Jirgi.

"Lauya," in ji Yaya, "kai ne ganga."

Lauya ya jawo wata kujerar roba ya kifa ta a cinya. Yaya ya fara fito, Lauya ya shigo da gangar a daidai inda take shigowa, Mai Aski yana kaɗa almakashi. Tsikar jikin Guguwa ta tashi. Ba don tibin siririya ba ce, da sai ta rantse in ta waiga za ta ga kawuna a taga.

Zagayen farko ta shiga da sanyin jiki. Tana kai duka tana janyewa. Ya tsaya cak, ya ajiye Maƙeri a tsakiyar fili bai motsa ba.

"Me kike yi?"

"Wasa."

"Ƙarya kike. Ni na koya miki, na san wasanki. In za ki raina ni, tashi ki ba Lauya."

"Ni ganga nake," in ji Lauya.

Ta ja numfashi. Ta gyara zama.

Mai Laima ta buɗe laima.

Daga nan ɗakin ya kacame. Ta cinye zagayen farko da ƙyar. A na biyu ya karance ta tsaf. Jerin duka uku gare shi, amma bai taɓa sakin ɗaya a inda take tsammani ba. Ya bar ta ta yi tsalle, ya jira ta a ƙasa, ya sauke mata guduma.

"Wannan ba maɓalli ba ne!" Mai Aski ya yi ihu. "Wannan kai ne!"

"Ɗaya da ɗaya!" in ji Lauya, gangarsa ta rikice.

Guguwa ta kalli yayanta. Gumi a goshinsa, haƙoransa a waje, fuskar nan da rabon ta da ita tun kafin injin katako. Ta riga ta san inda ƙuri'arta za ta faɗa, kuma ba don tausayi ba.

"Na ƙarshe," ya ce. "Ba Baba, ba mai zare soket."

Aka fara. Jininta ya yi ƙasa, nasa ya yi ƙasa. Ya tura ta lungu, ta zille ta saman kansa, ya yi dariya da ƙarfi. Saura duka ɗaya ga duk wanda ya riga. Ta ga ya buɗe gefe, ta san tarko ne, ta ja baya. Maƙeri ya tako gaba, ya ɗaga guduma.

Sai ya tsaya.

Ya juya baya. Ya durƙusa. Ya miƙe. Ya sake juyawa, kamar wanda ya sha wani abu.

Rimot ɗin ya zamo daga gwiwar Yaya ya faɗi ƙasa.

Gangar ta tsaya.

Guguwa ba tibin take kallo ba. Hannunsa take kallo. Ba na daman ba. Na hagun, lafiyayyen, wanda yake riƙe guduma da shi a wurin aiki, wanda yake cin abinci da shi, wanda yake ɗaukar 'yarsa da shi. Yana karkarwa shi kaɗai a kan cinyarsa, babban yatsan yana murza na kusa da shi. Yaya ya yi sauri ya danne shi da na daman, ya tura shi ƙarƙashin cinya.

"Gajiya ce," ya ce. "Ɗauko min rimot ɗin."

Ta ga irin wannan karkarwar a ɗakin marasa lafiya ba sau ɗaya ba. Ta san ta gajiya, ta san wadda ba ta gajiya ba.

"Ba ni hannunka."

"Na ce miki gajiya ce."

"Yaya, ba ni hannunka."

"Mu ƙarasa wasan tukuna."

"Tun yaushe ya fara?"

Ta juya wurin Mai Aski, ya sunkuyar da kai yana kallon almakashinsa.

Ƙofar baya ta yi ƙara. Matar Yaya ce tsaye da 'yarsu a kafaɗa, idanunta jajur kamar ta daɗe a wurin tana saurare. Ba ta gaida kowa ba. Mijinta kawai take kallo.

"Ka yi min alkawari yau za ka gaya mata," ta ce. "Ba wasa ka ce min za ka zo yi ba. Za ka faɗa da bakinka, ko ni in faɗa mata abin da likita ya ce?"